Tarihin Yadda Kiristoci Suka Tunkari Shaye-shaye, Da Darasin Da Ke Ciki Ga Mutanen Indabo

Ina so a wannan fitowa ta mujallarmu mu waiwayi tarihin wani al'amari da ya taɓa gidaje da yawa a Indabo da sauran garuruwan ƙasar Wudil, wato shaye-shayen miyagun ƙwayoyi, da kuma hanyar da mabiya addinin Kirista suka daɗe suna bi wajen raba mutum da wannan masifa. Mafi yawanmu Musulmi ne, amma aji ɗaya muka zauna da 'yan uwanmu Kiristoci, wasu daga cikin malamanmu ma Kiristoci ne, ga shi kuma ƙwaya ba ta tambayar addinin yaro kafin ta hau masa kai.

Domin mu san girman abin, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, wanda aka fitar a watan Janairun 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye a Nijeriya cikin shekara guda, ban da giya da taba sigari. A Jihar Kano adadin ya kai kashi 16 cikin ɗari, wato sama da mutum miliyan ɗaya, kuma a faɗin ƙasa, cikin kowane mashaya huɗu ɗaya mace ce.

Zuwan 'Yan Mishan Ƙasar Kano

Aikin Kiristoci a wannan fanni ya samo tushe ne daga aikin asibiti. A shekarar 1893 samari uku, Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent, suka sauka Ikko da nufin kai bishara ƙasar Sudan, abin da ya haifi ƙungiyar mishan ta SIM. A nasa ɓangaren, Likita Mila na ƙungiyar CMS ya zauna Zariya a 1905, daga baya aikinsu ya koma Wusasa a 1929. Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan shiga masarautun Musulmi, sai a shekarun 1930 aka ɗan sassauta, har SIM ta buɗe tasha a Garko, maƙwabciyarmu. A 1937 aka damƙa mata kula da zangunan kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, sannan a 1943 ta buɗe asibitin ido na Kano. A can ƙetaren iyaka kuma, asibitin Galmi na Jamhuriyar Nijar ya fara aiki a 1950.

A waɗannan zanguna ne aka saba da wani tsari da za mu sake gani a gaba: majiyyaci ya zauna wata da watanni, ko ma shekaru, yana karɓar magani, yana noma, yana koyon karatu da sana'a, ana kuma yin addu'a safe da yamma.

A wancan zamani babban abin maye a karkara shi ne giya. Gwamna Lugga ya hana shigo da barasar Turawa Arewa bisa yarjejeniyar Burasal ta 1890, amma burkutu na nan a ƙauyukan Maguzawa, inda take cikin biki da gayya da tsafi. To, SIM da ikkilisiyar da ta haifa a 1954, wato ECWA, sun sa barin giya cikin sharuɗɗan zama cikakken ɗan ikkilisiya. Wanda ya koma sha sai dattawa su sa shi ƙarƙashin horo, a dakatar da shi daga cin jibin Ubangiji, a riƙa ziyartarsa ana yi masa gargaɗi har ya tuba a mai da shi. Matan Zumunta kuwa, tun da su ne ke dafa giyar a da, kuma su ne ke shan wahalar miji mashayi, sun zama ginshiƙin wannan yaƙi. Haka abin ya gudana a wurare irin su Gani ta ƙasar Sumaila, inda Hausawa Kiristoci suke har yau.

Inda Aka Fara Keɓe Wa Mashayi Kulawa

Sai dai ƙungiyar da aka kafa takanas domin mashayi ba a nan ta fara ba, saboda haka dole mu ƙetare teku. A 1877 wani fasto mai suna Louis-Lucien Rochat ya kafa ƙungiyar Shuɗin Gicciye a birnin Janiba na ƙasar Suwizalan. Abin da ya zo da shi sabo shi ne, masu lafiya su ma su ɗauki alkawarin barin giya gaba ɗaya domin su tsaya tare da mashayin, kada ya ji shi kaɗai aka ware.

A 1935 kuma, a garin Akron na Amurka, wasu mashaya biyu, Bill Wilson ɗan kasuwar hannun jari da Bob Smith likitan fiɗa, suka gano cewa idan mashayi ya zauna da ɗan uwansa mashayi suka faɗa wa juna gaskiya, dukansu biyu sukan sami ƙarfin ƙin sha a wannan rana. Dukansu sun fito ne daga wata ƙungiyar Kirista da ake kira Ƙungiyar Okasfod, ta Frank Buchman. Daga nan aka sami ƙungiyar AA, wadda a 1939 ta buga matakanta 12. A taƙaice, mutum ya yarda abin ya fi ƙarfinsa, ya miƙa lamarinsa ga Allah, ya yi wa kansa hisabi, ya faɗi laifinsa ga wani amintacce, ya nemi gafarar waɗanda ya cuta ya biya su haƙƙinsu, sannan ya taimaki wani mashayin. Daga baya AA ta raba kanta da kowace ɗariƙa, kuma a 1953 aka kafa 'yar uwarta NA domin masu shan ƙwaya. Abin lura a nan shi ne, tun daga shekarun 1990 NA ta yaɗu ƙwarai a ƙasar Iran, inda Musulmi ke gudanar da dubban zama a kowane mako.

Wanda ya fi tasiri ga gidajen da muke gani a Nijeriya shi ne Fasto David Wilkerson. A 1958 ya ga hoton wasu yara bakwai 'yan daba da ake yi wa shari'ar kisan kai a Niyok, sai ya baro cocinsa na ƙauye ya shiga unguwanninsu. Aikin ya zama ƙungiyar Teen Challenge, mai gida a unguwar Buruklin, littafin da ya rubuta a 1963 kuma ya kai labarin ko'ina. A yau tana cikin ƙasashe sama da 100. 'Yan Katolika ma ba a bar su a baya ba, domin a 1983 aka buɗe Gonar Bege a ƙasar Birazil, wadda Fafaroma Benedict na 16 ya ziyarta a 2007.

Yadda Abin Ya Iso Nijeriya

Mu nan gida, da doka aka fara. An yi dokar tabar wiwi a 1966, dokar soja ta 1984 ta tanadi hukuncin kisa, har aka harbe mutum uku a Ikko a watan Afrilun 1985, sannan aka kafa hukumar NDLEA a 1989. Ta fuskar asibiti, asibitin ƙwaƙwalwa na Aro a Abekuta ya buɗe sashen masu shaye-shaye a 1983. Amma gadajen asibiti ba su taɓa isa ba, sai majami'u suka shigo. A 1991 cocin Redeemed ya kafa CADAM, mai gidan gyaran hali a Efe ta Jihar Legas. Fasto Tony Rapu, wanda likita ne, ya kafa gidauniyar Freedom a 2001, ita ma tana da gidan masu shaye-shaye a Legas. A Arewa kuwa Jos ce cibiyar irin wannan aiki, inda Teen Challenge ke da gida, ECWA kuma ke da Gidan Bege domin yaran da titi ya zama gidansu.

Tsarin waɗannan gidaje kusan iri ɗaya ne. Mutum yakan zauna kimanin shekara guda, an raba shi da abokan sha da lungun da ya saba. Akan tashi da asuba a yi addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki, a yi aikin gida ko gona, a koyi sana'a, da yamma a zauna kowa ya faɗi abin da ke damunsa. Da yawa daga cikin masu kula da su tsofaffin mashaya ne, shi ya sa ƙarya ba ta cika tasiri a wurin ba. Koyarwar tana tsaye kan tuba da sabuwar rayuwa, kuma labarin da aka fi maimaitawa shi ne misalin ɗa ɓatacce a Luka sura ta 15, wanda ya lalatar da gadonsa, amma da ya dawo mahaifinsa ya tarye shi da murna.

Abin Da Bincike Ya Nuna

A 2020 masanan cibiyar Cochrane sun tattara bincike 27 da suka ƙunshi mutum sama da 10,000, suka ga cewa hanyar AA tana kai wa sauran hanyoyin ba da shawara na asibiti wajen barin giya, wani lokaci ma ta fi su. Amma alƙaluman nasara da gidajen kwana na coci ke bayarwa suna buƙatar hattara, saboda galibi waɗanda suka kammala ake ƙirgawa, alhali masu gudu tun a watannin farko suna da yawa. Bugu da ƙari, addu'a ba ta ɗauke buƙatar likita. Wanda jikinsa ya saba da giya ko roci, idan aka yanke masa farat ɗaya yana iya faɗuwa da jijjiga har ya rasa ransa. Mai shan kodin ko tiramol kuma, idan ya daɗe bai sha ba ya koma kan adadinsa na da, numfashinsa na iya tsayawa.

Akwai kuma ɓangaren da ba shi da daɗin ji. Shirin da BBC ta nuna kan kodin a ƙarshen Afrilun 2018, wanda ya sa Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin, ya nuna samari ɗaure da sarƙa a Kano. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum kusan 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, aka bi da wasu a Daura da Kano. A watan Nuwamba na wannan shekara ƙungiyar Human Rights Watch, bayan ta ziyarci wurare 28, ta ba da rahoton ɗaure mutane a gidajen addu'a na Kirista, da na malaman Musulunci, da na masu maganin gargajiya, har da na gwamnati. Wannan laifi bai bar kowa ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta zo ne domin kare mutuncin irin waɗannan bayin Allah.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Idan muka dubi wannan tarihi tun daga zangon Yadakunya har zuwa gidajen Jos, za mu ga duk inda aka ci nasara abubuwa huɗu ne suka haɗu: mutum ya shiga da yardarsa, ya sami jama'ar da ta karɓe shi ba tare da gori ba, aka ba shi lokaci mai tsawo da aikin yi, kuma mai addu'a da likita suka yi aiki tare. Babu ɗaya cikin huɗun nan da ya saɓa wa Musulunci, wanda shi ma ya haramta giya daki-daki ne, ya kuma buɗe ƙofar tuba.

Saboda haka, ɗan uwa, idan Allah Ya jarrabe ka da ɗa ko ƙane mai wannan lalura, fara kai shi asibiti, kamar na Dawanau ko na Malam Aminu Kano. Idan kuma gidan addini za ka kai shi, na coci ne ko na malam, ka tambaya ko likita na zuwa, ko za a bar ka ka gan shi duk lokacin da ka so, ko ana duka ko sa mari, da kuma sana'ar da zai fito da ita. Haka nan ka tambayi abin da za a koya masa na addini tun kafin ka sa hannu, domin kada a yi rigima daga baya.

Ita kuma ƙungiyarmu, a cikinmu akwai likitoci da malaman jinya, da limamai da fastoci, da manoma da 'yan kasuwa. Yaron da ya dawo Indabo bayan shekara guda yana jinya, abin da ya fi buƙata shi ne wanda zai ɗauke shi aiki a gona ko shago, da wurin zama sau ɗaya a mako inda zai faɗi damuwarsa ba a yi masa dariya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka ina roƙon shugabanninmu su sa wannan batu cikin ajandar taronmu na shekara mai zuwa.