Azurfa a Yatsa, Azurfa a Ciki

Yau ba labarin gida Maraɗi zan kawo muku ba, kuma ba zancen zaman baƙunci ba ne. Wata kwalba ce ta shigo rumfar mahaifina a Kasuwar Kure da ke nan Minna, ta sa na koma tonon tarihi.

Mahaifina ya zo garin nan tun kafin a haife ni, sana'arsa sayar da zobba da awarwaro na azurfa. Kwanakin baya wani mai talla ya tsaya a rumfarmu, ya ciro 'yar kwalba mai ruwa garai-garai, ya ce, "Alhaji, kai da ka san darajar azurfa, ga ruwanta. Cokali ɗaya safe da yamma, ka huta da ƙwayoyin asibiti." Baba yana fama da ciwon sukari, ya kuma gaji da shan magani. Na ga yadda ya riƙe kwalbar yana jujjuyawa, sai gabana ya faɗi. Na ce, "Baba, ka ba ni mako ɗaya in bincika." Ga abin da na samo.

Da farko dai mai tallan bai yi ƙarya duka ba, kuma nan ne haɗarin yake. Azurfa na kashe ƙwayoyin cuta idan ta taɓa su. A wajajen 1881 wani likita a birnin Leipzig na Jamus, Carl Credé, ya fara ɗiga ruwan wani gishirin azurfa a idon jarirai da zarar an haife su, don kare su daga ciwon idon da suke ɗauka wajen haihuwa, wanda ke makantar da yara da yawa. Dabarar ta yi aiki, ta bazu a duniya. A farkon shekarun 1900 kuma Albert Barnes na Amurka ya yi dukiya da wani maganin azurfa mai suna Argyrol, ana ɗiga shi a ido da hanci da maƙogwaro. Da penisilin ya wadata a shekarun 1940, sai likitoci suka ajiye yawancin waɗannan, domin sun sami abin da ya fi su. Abin da ya saura shi ne na shafawa, kamar man ƙuna mai azurfa da aka fito da shi a shekarun 1960, wanda har yau ana samun sa a asibitoci.

Mai karatu ka lura, duk wannan aikin a waje yake: fata, ido, rauni. Shan ta labari ne daban. Jikin ɗan Adam ba ya buƙatar azurfa kamar yadda yake buƙatar sinadarin ƙarfe don jini. Idan ta yi yawa sai ta taru a fata, ta mai da mutum shuɗi-shuɗi ko ruwan toka, musamman inda rana ke duka, kuma launin ba ya fita. Likitoci na kiran wannan arjiriya. Wani Ba'amurke, Paul Karason, ya yi suna a talabijin a 2008 saboda fuskarsa ta koma kamar an tsoma ta a marina bayan ya shekara da shekaru yana amfani da ruwan azurfar da yake haɗawa da kansa. Ban da haka, tana hana jiki tsotsar wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta yadda ya kamata. Tun 1999 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yanke cewa ba ta amince ruwan azurfar da ake sayarwa yana da aminci ko yana warkar da wata cuta ba.

To, mu dawo gida. Ina ƙaramin yaro a 2014 lokacin da Patrick Sawyer ya sauka a Legas ranar 20 ga Yuli ɗauke da cutar Ebola. Ba na mance daren da wayoyi suka yi ta ƙara ana cewa kowa ya yi wanka da ruwan gishiri ya kuma sha. Inna ta tashe mu kafin asuba, muka yi layi a bakin bokiti. Washegari aka ji an kwantar da mutane a asibiti, har wasu sun rasu saboda gishirin, ba saboda Ebola ba. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

Mako guda bayan haka, ranar 14 ga Agusta, ministan lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya sanar cewa za a gwada wani magani mai suna Nano Silver a kan masu jinya a Legas. Ruwan azurfa ne shi ma. Cikin 'yan kwanaki ministan ya dawo ya ce maganin bai cika ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa ba, don haka ba za a ba kowa ba. A watan Satumba hukumomin Amurka suka aika wa masu tallansa a can takardar gargaɗi.

Me ya kori Ebola ke nan? Ba kwalba ba ce. Dokta Stella Adadevoh ta hana Sawyer fita daga asibiti, ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Ma'aikatan lafiya suka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, gida-gida, suna auna zafin jikinsu. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da cutar. Da korona ta zo a 2020 sai ga ruwan azurfa ya sake ɓullowa, har jihar Missouri ta maka wani mai wa'azin talabijin, Jim Bakker, a kotu kan tallansa. Duk lokacin da tsoro ya sauka, kwalbar nan sai ta dawo da sabon suna.

Da na gama karanta wa Baba wannan, ya yi shiru, sannan ya ce, "Shekara talatin ina goge azurfa da dutse kafin in biya kuɗinta, amma saura kaɗan in zuba wa cikina abin da ban gwada ba." Ya ci gaba da shan maganinsa, kwalbar kuma tana nan a kan kanta, mun bar ta don nuna wa maƙwabta.

Don haka 'yan uwa, musamman mu da iyayenmu ke nesa da dangi suna kuma gudun layin asibiti, in an kawo muku irin wannan ku tambayi likita tukuna, kada kuma ku bari tsoho ya ajiye maganinsa saboda daɗin bakin mai talla. Azurfa ta yi kyau a yatsa, a bar ta nan. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.