Daga Daura zuwa Jidda: yadda tafiyar shekaru ta koma ta sa'o'i

Ɗauki taswirar duniya mai siffar ƙwallo, ka miƙa zare daga Daura zuwa Jidda. Za ka samu kimanin kilomita 3,400. Yanzu mu yi ɗan lissafi: mai tafiyar ƙasa da ke cin kilomita 25 a yini zai cinye wannan nisa a kwana 136, wato wata huɗu da rabi. To, me ya sa kakanninmu suke shafe shekaru a hanyar hajji?

Amsar tana cikin guzuri. Maniyyaci yakan bi ta Borno, ya shiga Wadai, ya ratsa Darfur har El Obeid, daga nan ya nufi Sawakin a bakin Bahar Maliya, ya jira jirgin ruwa. Duk inda kuɗi ya ƙare, nan zai yada zango ya yi noma ko ƙodago. Bayan an buɗe gonakin auduga na Jazira a Sudan a 1925, da yawa sun tsaya aiki a can, wasu kuma suka zauna ke nan. Jikokinsu na Sudan har yau, suna jin Hausa.

A shekarar 1925 ɗin nan ce kuma jiragen sama suka fara sauka a Kano. Guda uku ne na sojan Ingila, sun taso daga Masar a ƙarshen Oktoba, suka iso ranar 1 ga Nuwamba, bayan sun yi ta sauka a hanya suna shan mai. Kusan hanyar alhazai suka biyo ta sama, sai dai su yamma suka nufo.

Yau alhajin Daura mota zai hau zuwa filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. Jirgin fasinja na gudun kimanin kilomita 850 a sa'a. Raba 3,400 da 850, ka samu sa'a huɗu. Ƙara lokacin tashi da sauka da yanayin iska, sai ta doshi biyar. Ka kuma tuna agogon Saudiyya ya riga namu da sa'a biyu, shi ya sa in ka dubi tikiti sai ka ga kamar zuwa ya fi dawowa tsawo.

Amma jirgi ma sai da zaman lafiya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazan Najeriya suka koma zagaye, lokaci ya ƙaru, kuɗin mai ma haka. Ƙasar da kakanni suka ratsa da ƙafa ita ce jirgi ya kasa ratsawa ta sama.

Don haka in an tambaye ka tsawon tafiya daga Daura zuwa Jidda, ka fara tambaya tukuna: a wace shekara, kuma ta wace hanya?