Dokar kuɗin ruwa da bashin falle a kudancin Katsina

An daɗe ana ƙoƙarin ɗaure wa masu ba da bashi hannu da doka. A 1927 Ingila ta yi dokar da ta ɗauki duk ruwan da ya haura kashi 48 cikin ɗari a shekara a matsayin zalunci, sai in mai kuɗin ya gamsar da kotu. Turawan mulki sun kawo makamanciyarta Najeriya, wadda ta wajabta yankar lasisi, ta kuma ƙayyade ruwa.

Bayan samun 'yancin kai, Babban Bankin Najeriya ke yanke wa bankuna iyakar ruwan da za su karɓa, noma kuma ya fi samun rangwame. A 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, gwamnatin Babangida ta sakar musu mara. Da ruwa ya yi tashin gwauron zabo, aka tsayar da shi a kashi 21 a 1991, aka janye, gwamnatin Abacha ta maido da iyakar a 1994, aka sake janyewa a 1996.

Duk wannan kai-kawo a birni aka yi shi. Ko da shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa tun 1975, ya kawo taki da iri ƙasar Ƙanƙara da Faskari, ƙaramin manomi bai saba da ƙofar banki ba. Arhar ruwa ma ta sa bankuna suka fi son mai takardar gida ko babbar gona.

Manomin Tafoki ko Sabuwa, in rumbu ya ƙare tsakiyar damina, wurin ɗan kasuwar hatsi yakan nufa ya ci falle: kuɗi a hannu yau, biya da dawa ko masara da kaka, lokacin da hatsi ya fi arha. Wani kuma ya jinginar da gona. Ba takarda, ba kashi kaza cikin ɗari, don haka doka ba ta da abin aunawa. Abin da ke taka wa mai kuɗi birki shi ne wa'azin malamai kan haramcin riba, da kunyar dangi da maƙwabta. Shi ya sa shari'ar irin wannan bashi takan ƙare a zauren mai unguwa, tun kafin ta kai gaban alƙali.