Daga Fadama Zuwa Bene: Ƙaurace-ƙauracen Birnin Maraɗi

Duk wanda ya kwana biyu bai zo Maraɗi ba, idan ya biyo hanyar Ɗan Isa ya shigo gari, benaye ne za su fara ɗaukar idonsa. Wasu an gama su har an shafa fenti, shaguna a ƙasa, ɗakunan haya ko ofisoshi a sama. Wasu kuwa sun tsaya a hawa na biyu, rodi ya miƙe sama yana jiran siminti, damina biyu ko uku ta wuce a kansa. Ba irin dogayen gine-ginen Dubai ba ne, ba su ma kai otel-otel ɗin da aka gina a Yamai saboda taron Tarayyar Afirka na 2019 ba. Hawa biyu ne ko uku, in an yi nisa huɗu. Amma ga garin da shekara 80 baya yake kwance cikin fadama da ɗakunan laka da na ciyawa, abin ya isa a tsaya a tambayi yadda aka zo nan. Ni a ganina wannan hawa sama ƙaura ce, ta uku ke nan da garin ya yi, kuma a ta biyun makaranta ce aka baro a baya.

Asalin Maraɗi gudun hijira ne. Bayan mayaƙan jihadi sun ci Katsina a 1807, Ummarun Dallaje ya hau gado, zuriyar tsofaffin sarakuna suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya samu wurin zama a bakin gulbi wajen 1819. Gobirawa su ma, da aka ci su a Gawakuke a 1836, suka taru ƙarƙashin Sarki Mayaƙi suka kafa Tsibiri, wadda takardun gwamnati ke rubutawa Tibiri, 'yar tafiya kaɗan daga Maraɗi. Garuruwan nan biyu ba don sanyin iska suka zauna cikin kwari ba. Dajin gulbi mai duhu shi ne garkuwarsu daga dawakin Sakkwato da Katsina, ga ruwa kusa, ga ƙasar noma. Mutumin da ke tsammanin hari kowace rani ba ya tunanin gini mai tsawo; ganuwa yake ginawa da shingen ƙaya. Soro mai hawa a ƙasar Hausa ta wancan lokaci kayan sarauta ne da manyan attajirai, shi ya sa hasumiyar Gobarau ta Katsina ta zama abin kwatance.

Da Faransawa suka zo yaƙi ya kwanta, amma garin bai motsa daga inda yake ba. A 1927 suka ɗauko mazaunin mulkinsu daga Tasawa suka kawo Maraɗi, kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka buɗe rumfunan awon gyaɗa, ana kai ta Kano inda jirgin ƙasa ke kwasa zuwa Legas. Sai damina ta 1945, gulbi ya yi cikar da ta ci tsohon gari. Hukumar Faransawa ta ce ba za a sake gini a wurin ba, kowa ya hau tudu. Aka shata sabon gari da tituna miƙaƙƙu masu faɗi, kamar gurabun dara, aka ba fadar sarki wurinta da filin da ke gabanta, unguwanni suka hau da sunayensu na dā: Bagalam, Ɗan Gulbi, Limanci, Maraɗawa, Mokoyo, 'Yandaka. Tsibiri ma ruwan bai ƙyale ta ba, ita ma ta bar tsohon mazauninta. A tuna kuma lokacin aikin tilas bai kau ba tukuna, sai a watan Afrilu na 1946 aka soke shi a ƙasashen da Faransa ke mulka, don haka ba ƙaura ce da aka nemi shawarar talaka a kanta ba.

Duk da haka akwai abin da nake yaba wa wannan tsari. An shata gari kafin mutane su zauna, an bar wa hanya faɗinta, an bar fili. Mutanen garin a lokacin ba su kai dubu 10 ba, amma titunan da aka yanka musu su ne har yau ke ɗaukar tirela da adaidaita da kabu-kabu. Malaman tarihi, ga darasi a ƙofar gida: ku kai 'yan aji bakin tudu ta yamma, ku nuna musu kwarin da ke cike da garake da itatuwan mangwaro, ku ce musu nan ne Maraɗin Ɗan Baskore take. Yaron da ya tsaya a wurin ya kalli ƙasa ba zai manta da 1945 ba.

Ƙaura ta biyu ba a yi ta rana ɗaya ba, kuma ba wanda ya ba da oda. Kuɗi ne suka ja garin. Gyaɗa ta fara, musamman bayan an kafa SONARA a 1962, 'yan kasuwar gida suka zama su ne masu saye a ƙauyuka. Da fari ya kashe gyaɗa a farkon shekarun 1970, an riga an samu wata ƙofa. Yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970, ya yanke arewacin Najeriya daga wasu hanyoyinta, daga baya kuma Najeriya ta yi kuɗin mai ta riƙa hana shigo da kaya iri-iri, sai Maraɗi ta zama zangon da atamfa da shadda da taba sigari da shinkafa ke sauka daga Kwatano kafin su tsallaka iyaka. Wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum a 1986 a kan alhazan Maraɗi, ya nuna cewa gidaje da filaye na cikin manyan wuraren da suke ajiye ribarsu. Ba maza kaɗai ba: Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta nuna yadda mata ma suka riƙa neman mallakar gida na kansu, don mai gida a hannu ba ta tsoron ranar saki.

Lissafin jama'a ya isa shaida. A ƙidayar 1977 mutanen birnin sun kusa dubu 45, a 1988 sun kai wajen dubu 110, a 2012 aka ƙirga 267,249. Sabon Gari ta cika, aka yanka Sabon Kare, aka wuce Zariya da Ali Ɗan Tsoho, ana ta cin gonaki. Garin bai tashi sama ba a waɗannan shekaru saboda babu dalili: ƙasa na da araha, Bahaushe kuma yana son tsakar gida inda za a yi daka, a ɗaure akuya, mata su sake ba idon baƙo.

To me ya sauya? Ƙasa ce ta yi tsada. Ta yamma gulbi ya tare hanya, sauran ɓangarori kuma birnin ya je ya taɓa gonakin maƙwabta, Tsibiri da ke ƙarƙashin Gidan Runji da Jiratawa da ke ƙarƙashin Madarunfa. Manomin da gonarsa ke ba shi damin gero ƙalilan, idan aka ce za a yanka ta kare-kare a ba shi kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, da wuya ya ƙi. Sai dai gona ana cin ta kowace shekara, kuɗin fili kuwa sau ɗaya ake cinsu. Jiratawa ta fi ba ni tsoro, domin a can ne filin noman rani mai wajen eka 500 ta ma'aunin hekta yake, wanda aka shirya a farkon shekarun 1980, ana ban ruwa da rijiyoyin burtsatse. Zogalen da ake kwaɗawa a gidajen Maraɗi da yawansa daga can yake zuwa. Tun da aka datse gulbin a Jibiya wajen 1990 ruwan da ke malala fadama ya ragu, irin wannan fili ya ƙara daraja. Ta wannan fuska bene alheri ne: iyali shida a kan fili guda sun fi iyali shida a kan gonaki shida.

Jami'a ma ta ƙara wa abin wuta. Tun da aka buɗe ta a 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ɗalibai da malamai da ma'aikata ke neman ɗakin haya. Bikin 18 ga Disamba na 2015, wanda aka yi wa laƙabi da Maraɗi Kwalliya, ya kawo kwalta da fitilu a wasu tituna, duk filin da ke bakin sabuwar kwalta kuwa nan take farashinsa ke tashi, mai shi ya ga asara ce ya yi gini hawa ɗaya.

Benayen da suka tsaya rabi kuwa, labarinsu labarin iyaka ne. Yawancin masu ginin nan ba da bashin banki suke yi ba, wasu don gudun riba, wasu don bankin ba zai ba su ba. Da ribar kasuwa ake zuba kowane hawa. Da Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020, ciniki ya tsaya, magina suka zauna. Aka ɗan farfaɗo, sai takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023. Siminti, ko na Malbaza ne ko wanda ke shigowa daga Najeriya, da rodi da kwano duk farashinsu na bin hanya da canjin naira. Wanda ya iya karanta bango zai iya nuna maka layin da bulo ya sauya launi, ya ce nan aka rufe boda.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauko zancen ga iyaye da malamai. A jihar da binciken 2012 ya nuna mace ɗaya na haihuwar 'ya'ya sama da 8, kowace sabuwar unguwa cike take da yara tun kafin famfo ya iso. Gida mai shi ke ginawa, shago mai shi ke ginawa, masallaci ma ana samun mai neman lada. Aji kuwa sai an jira hukuma, kafin ta zo sai a kafa rumfar zana. Ranar 8 ga Nuwamba, 2021, wuta ta kama irin waɗannan ajujuwa a wata makaranta a cikin birnin Maraɗi, yara 'yan shekara 5 zuwa 6 aƙalla 25 suka rasu, watanni bakwai bayan irinta ta ci yara 20 a Yamai. Gwamnati ta hana sa ƙananan yara 'yan share fage a rumfar zana, ta kuma ce akwai irin ajujuwan nan wajen dubu 36 a faɗin ƙasa. Garin da ke da kuɗin zuba hawa na huɗu, 'ya'yansa suka ƙone a ƙarƙashin kara. Ban ce laifin masu bene ba ne, kowa da dukiyarsa. Amma simintin bene guda zai gina ajujuwa da dama, kuma garin nan bai taɓa rasa masu hannu da shuni ba.

Zaman bene kansa yana da tambayoyin da ba mu saba yi ba. Yaron da aka haifa a hawa na biyu ba shi da tsakar gida, titi ne filin wasansa, titin kuma na babura ne. Baranda mai gajeren shinge da matakala marar makari ba kayan gida mai rarrafe ba ne. Idan makarantar kuɗi ko islamiyya ta kama hayar saman shaguna, uba ya kamata ya hau da ƙafarsa ya ƙirga ƙofofin fita, ya kuma duba abin da ake sayarwa a ƙasa, don wani shagon gas ne ko fetur na bumburutu.

Ruwa ma bai manta da mu ba don mun hau tudu. A ƙarshen watan Agusta na 2024 an yi ruwan da ya kashe aƙalla mutum 15 a birnin cikin yini guda, gidaje suka zube, akasari na laka. Duk rufin kwano da daɓen siminti da aka ƙara, ruwan da dā yashi ke shanyewa ne aka tura kan titi, shi kuma ya nufi gangare yana faɗaɗa kwazazzaban bakin tudu, inda masu ƙaramin ƙarfi ke zaune.

Ga kuma jirgin ƙasa na tafe. An aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairu na 2021, kilomita wajen 284 ta Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil ke aikin. Ko ya iso da wuri ko ya makara, ta kudu zai shigo, ɓangaren Jiratawa ke nan, kuma masu sayen fili ba sa jiran su ji ƙarar jirgi. Duk lokacin da za a yanka sabuwar unguwa, taswirar na nuna filayen da aka keɓe wa makaranta da asibiti da kasuwa. Kwamitin COGES da ƙungiyar iyayen yara na iya zuwa ofishin magajin gari su nemi a nuna musu wannan taswira, su karɓi lambar filin makarantar a rubuce, su dasa bedi a kusurwoyinsa huɗu tun kafin tifar yashi ta fara sauke kaya a unguwar.