Cigiya: Daga Sankiran Arewa Zuwa Gidauniyar Zamani

A ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Ɗan Kassari zuwa Tibiri, idan yaro ya ɓace ba a kan ɓoye lamarin a cikin gida. Uba yakan garzaya wurin mai gari, shi kuma ya sa sankira ya bi unguwa-unguwa yana cigiya. Ranar kasuwa sai a maimaita a gaban fatake, su ɗauki labarin su kai shi garuruwan da ƙafar uban ba za ta taka ba. Akan faɗi sunan yaron da na mahaifinsa, da tufar da ke jikinsa, da tsagar fuskarsa. Tsagar Arawa, wadda ke tashi daga gefen baki ta nufi kunne, ita ce takardar shaidar wancan zamani: ko a Sakkwato aka tsinci yaro, fuskarsa za ta faɗi inda ya fito. Wanda ya maido shi akan ba shi tukuici, amma sai bayan iyaye sun gan shi da idonsu. Wato murya ce ke gaba, kuɗi na biye.

Wannan tsari yana aiki ne muddin akwai garin da zai yi cigiyar. A shekarar 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratsa Arewa a kan hanyarta ta zuwa tafkin Cadi. Ranar 16 ga Afrilu ta gwabza da mutanen Sarauniya a Lugu, ƙauyen da yau yake cikin ƙaramar hukumar Ɗan Kassari, a watan Mayu kuma ta afka wa Birnin Ƙonni. Ta ƙone garuruwa, ta kuma tasa ɗaruruwan mata da yara a gaba a matsayin ganima. Labarin ya isa Paris ta hanyar wasiƙar da wani hafsa mai suna Péteau ya rubuta wa wadda zai aura, gwamnati ta aiko Kanar Klobb ya tsai da tafiyar. An kashe Klobb ranar 14 ga Yuli a Dankori, kusa da Tasawa, bayan ƴan kwanaki kuma sojojin rundunar suka kashe shugabannin nasu biyu. Rahotannin soja sun ƙidaya harsasai 7,000 da aka harba a yaƙin Lugu, amma ba su bar sunayen yaran da aka raba da iyayensu a tsawon wannan hanya ba. A 1902 Faransa ta rufe binciken. Littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986 sun ɗaukaka sunan Sarauniya a duniya. Yaran kuwa, garuruwan da za su yi cigiyarsu sun riga sun zama toka.

Ƙungiyoyin neman ɓatattun yara, irin masu ofis da asusu, sun taso ne daga baya a ƙasashen Turawa. Ranar 25 ga Mayu, 1979, wani yaro ɗan shekara 6 ya ɓace a birnin New York a kan hanyar makaranta, hotonsa ya karaɗe Amurka. A 1983 shugaba Reagan ya keɓe wannan rana domin tunawa da ɓatattun yara, a 1984 aka kafa cibiya ta ƙasa, aka kuma riƙa buga hotunan yara a jikin kwalayen madara. A Beljiyam, bayan sace wasu ƴan mata, mutane kimanin 300,000 sun yi zanga-zangar lumana da fararen tufafi a Brussels ranar 20 ga Oktoba, 1996, abin da ya haifar da ƙungiyar Child Focus a 1998. A nan ne tsarin ya juya. Layin tarho da ma'aikata da buga hotuna duk suna cin kuɗi tun kafin a ga yaro, saboda haka kuɗi ya dawo gaba. Mai ba da gudummawa ba shi da abin riƙewa sai amana.

Abin da ya faru a Cadi ya nuna inda cin wannan amana ke kaiwa. Ranar 25 ga Oktoba, 2007, aka kama ƴan wata ƙungiyar Faransa mai suna L'Arche de Zoé a Abeche, suna shirin saka yara 103 a jirgin sama. Sun shaida wa iyalai a Faransa cewa marayun yaƙin Darfur ne, iyalan kuma suka biya kuɗi domin karɓarsu. Har bandeji aka naɗa wa yara masu ƙoshin lafiya don su yi kama da majinyata. Binciken UNICEF da ƙungiyar Red Cross ya gano cewa mafi yawansu suna da iyaye ko dangi a raye. A watan Disamba kotun Injamena ta yanke wa mutum 6 ɗaurin shekara 8 da aiki mai tsanani. Gidauniyar da aka buɗe da sunan ceton yara, ita ce ta kusa ɓatar da su.

Kano ta ba da misali na daban. Shekaru da dama iyayen yaran da aka sace a unguwannin birnin sun haɗa kai suna yawo da sunaye da hotuna, daga gidajen rediyo zuwa ofisoshin hukuma. A watan Oktoba, 2019, ƴan sanda suka ba da sanarwar gano yara 9 a Onica, cikin jihar Anambra, inda aka sayar da su, aka kuma canza musu suna. Jarin waɗannan iyaye bai wuce naci da sahihin bayani ba, irin wanda sankira kan faɗa a kasuwa.

Yau yaran Arewa suna barin gida da ƙuruciya, wasu karatun allo, wasu aikatau a Yamai, wasu bida a Nijeriya, wadda iyakarta ba ta da nisa. Tsaga tana gushewa, abin da ya gaje ta shi ne takardar haihuwa. Yaron da ba a rubuta shi a ma'aikatar magajin gari ba, in ya ɓace, da wuya hukuma ta tabbatar da ko ɗan wane ne. Duk ƙungiyar da ke son buɗe gidauniya a wannan yanki, ga inda kuɗinta zai fi amfani: yi wa yara takardu, ajiye rijistar waɗanda suka tafi da sunan wanda ya tafi da su, da biyan sanarwa a rediyo. Kada a baza hoton yaro sai da yardar iyayensa. A kuma karanta lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe a bainar jama'a, a dandalin da aka yi roƙon. Malaman makaranta, da suke kiran suna kowace safiya, su ne na farko da kan ga gurbin da yaro ya bari. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne, don haka cigiyarsa ma ta kowa ce.