Bambancin modem, rauta da suwic da aikin kowacce

A Banex Plaza da ke Wuse 2, Abuja, masu saye kan kira kowane akwatin intanet da suna “waifai”, alhali kowace na’ura da aikinta.

Modem ita ce ƙofar shigowa: tana karɓar sigina daga kamfanin sadarwa, ta mayar da shi yadda kwamfuta za ta gane. Rauta ce ke rarraba intanet ɗin, tana bai wa kowace waya ko kwamfuta adireshinta. Suwic kuwa tana haɗa kwamfutocin ofis da igiya, amma ita kaɗai ba ta kawo intanet. Na’urar faɗaɗa waifai tana kai sigina ɗaki mai nisa, ba tare da ƙara sauri ba.

MiFi mai ɗaukar layin waya ta haɗa aikin modem da rauta, don haka takan wadatar da ƙaramin gida. Babban ofis kuwa sai da suwic.

Kafin a biya kuɗi, a tabbatar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da samfurin, kamar yadda dokar sadarwa ta 2003 ta tanada.