Yabon Gwani: Shehun Malami Abiola Irele da Harshen Faransanci

Na san wani zai ce, me ya kawo malamin Faransanci cikin mujallar Ƙungiyar Hausa? To, a yi haƙuri a biyo ni sannu, dalili na nan tafe.

Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole. Gwanin da nake nufi kuwa shi ne Shehun Malami Francis Abiola Irele, ɗan Nijeriya, wanda aka haifa a 1936, ya rasu a Amurka ran 2 ga Yuli, 2017. Ya gama Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1960, shekarar da muka sami mulkin kai. Daga nan ya wuce Faris ya duƙufa kan Faransanci, har ya sami digirin dakta a can a 1966.

Kafin mu gane girman aikinsa, sai mun tuna yadda Turawa suka bar mu. Ingilishi sun riƙe Nijeriya da Gana, Faransawa suka riƙe Senegal da Nijar da Cadi da sauransu, kowa ya dasa harshensa a makaranta. Sai aka wayi gari 'yan bokon Afirka sun kasu gida biyu, wannan ba ya iya karanta abin da wancan ya rubuta.

A gidan Faransanci, tun shekarun 1930 wasu ɗalibai baƙar fata a Faris, wato Léopold Senghor na Senegal da Aimé Césaire na tsibirin Matinik da Léon Damas na Giyana, suka ta da wata aƙida mai suna Négritude, ma'ana alfahari da zama baƙar fata. Marubutan gidan Ingilishi, irin su Wole Soyinka da Ezekiel Mphahlele, suka yi ta sukarta, suna ganin cika baki ne kawai. Irele ne ya tsaya ya yi wa mutanenmu bayani. A maƙalu biyu da ya buga a 1965, ya bi tarihin aƙidar tun daga tushe, ya nuna martani ce ga bauta da mulkin mallaka. Mulkin Faransa kuwa, kamar yadda muka sani, so yake ɗan boko ya yar da al'adarsa ya rikiɗe ya zama Bafaranshe. Wanda aka yi wa haka, ai dole kukansa ya bambanta da na wanda aka bar masa sarkinsa da harshensa.

Da ya dawo gida, ya koyar a Legas da Gana da Ife, sannan ya zama Farfesan Faransanci a Ibadan. A 1977 ya fitar da zaɓaɓɓun waƙoƙin Senghor tare da sharhi da Ingilishi, a 1994 kuma ya yi wa babbar waƙar Césaire irin wannan hidima. Littafinsa The African Experience in Literature and Ideology ya fito a 1981. Ya kafa maɗaba'ar New Horn, wadda ta buga littafin waƙoƙin Niyi Osundare na farko a 1983. A 1989 ya koma Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka, daga baya ya koyar a Habad, kana ya dawo ya taimaki sabuwar Jami'ar Jihar Kwara da ke Malete.

To, ga dalilin da na yi alkawari. Katangar nan da Irele ya ƙare rayuwarsa yana hudawa, ta tsakiyar ƙasar Hausa ta bi. Ɗan Katsina da ɗan Maraɗi harshensu ɗaya, amma bokonsu biyu. A 1980 Abdoulaye Mamani na Nijar ya rubuta Sarraounia, labarin Sarauniyar Lugu da ta yi fito-na-fito da sojojin Faransa a 1899. Tarihinmu ne, amma da Faransanci aka rubuta shi. Mu nawa ne a nan za mu iya karanta shi? Wa kuma zai mayar mana da shi Hausa?

A ganina, babbar karramawar da za mu yi wa wannan malami ita ce a samu daga cikinmu waɗanda za su haɗa nazarin Hausa da Faransanci, su ɗauko abin da 'yan'uwanmu suka rubuta a tsallaken iyaka su kawo gida. Zumunta dai a ƙafa take. Allah ya sa mu dace. Wassalam.